Ajin da Ba a Shiga: Tarihin Kwasa-kwasan 'Yan Wasa a Jami'o'in Amurka

A watan Nuwamba na 2009, jami'an da ke kula da karatun 'yan wasa a Jami'ar Arewacin Karolina da ke Chapel Hill sun zauna da masu horar da ƙungiyar zari-ruga ta Amurka, wasan da can ake kira ƙwallon ƙafa ko da yake da hannu ake rungumar ƙwallon. Labari mara daɗi suka kawo. Wasu darussa da aka daɗe ana cusa 'yan wasa a cikinsu, waɗanda ba a zuwa aji, ba a rubuta bayanan lacca, ba a ganin malami, sun ƙare, domin matar da ke gudanar da su ta yi ritaya. A zangon karatun, matsakaicin makin ƙungiyar ya faɗi ƙasa fiye da yadda aka gani cikin shekaru goma.

Matar, Deborah Crowder, ba malama ba ce. Ma'aikaciyar ofis ce a sashen nazarin Afirka da baƙar fatar Amurka. Tun 1993 take buɗe darussa da sunan shugaban sashen, Julius Nyang'oro, ta karɓi maƙala ɗaya daga kowane ɗalibi, ta leƙa farkonta da ƙarshenta, ta ba da maki mai tsoka. Rahoton da tsohon jami'in ma'aikatar shari'a Kenneth Wainstein ya fitar a Oktoban 2014 ya ce ɗalibai kusan 3,100 ne suka bi ta wannan ƙofa cikin shekaru 18, kuma kusan rabin rajistar ta 'yan wasa ce. Abin takaici ga mai karatu daga wannan nahiya shi ne sashen da aka zaɓa. Fannin da baƙar fata suka yi gwagwarmaya kafin jami'o'i su amince da shi, shi aka mayar wurin ajiyar 'yan wasa, yawancinsu baƙar fata. Asirin ma ya fara tonuwa ne a 2011 ta kan wata maƙala ta darasin Swahili da aka gano kwafe ce.

Sai dai tushen al'amarin ya girmi Crowder nesa ba kusa ba. Tun 1929 wani rahoto na Gidauniyar Carnegie ya nuna yadda jami'o'i ke ɗauko samari don wasa kawai, suna biyansu a ɓoye. Jami'ar Chicago ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta soke ƙungiyarta a 1939. Sauran suka zaɓi wata hanyar. A shekarun 1950, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, ƙarƙashin Walter Byers, ta yaɗa laƙabin "ɗalibi ɗan wasa", kuma dalilinta na shari'a ne. A 1955 Ray Dennison ya rasu sakamakon raunin da ya samu a ka yana buga wa wata kwaleji a Kolorado wasa. Matarsa ta nemi diyyar da ake biyan ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta hana, bisa hujjar cewa marigayin ba ma'aikaci ba ne. Daga nan zama ɗalibi ya zama garkuwar jami'a: muddin yaro na da rajista, ba ta bin sa albashi ko diyya. Abin da yake karantawa kuwa, wannan matsalarsa ce.

Shekarun 1980 suka fallasa sakamakon. A Jami'ar Jojiya, malamar Turanci Jan Kemp ta ƙi yin shiru lokacin da aka tsallakar da 'yan wasa tara da suka faɗi darasin share fage, don su samu buga wani babban wasa. Aka sallame ta. Ta kai ƙara, a 1986 masu taya alƙali hukunci suka yanke mata diyyar dala miliyan 2.5 da ɗoriya, daga baya aka rage zuwa miliyan ɗaya da 'yan kai, shugaban jami'ar kuma ya sauka. A 1989 Dexter Manley, fitaccen ɗan wasa da ya yi shekaru huɗu a Jami'ar Jihar Oklahoma, ya shaida wa wani kwamitin majalisar dattawa cewa ya bar jami'a bai iya karatu ba.

NCAA ta mayar da martani da dokoki. Daga 1986 sai mai matsakaicin maki 2.0 cikin 4 a sakandare, da maki 700 a jarrabawar SAT, zai buga wasa a shekararsa ta farko. A 1991 aka ƙayyade atisaye da wasa zuwa awa 20 a mako, ƙa'idar da ba ta lissafa tafiye-tafiye da atisayen da ake cewa na ganin dama ne. Dokar da ta fi tasiri kan zaɓin kwas ita ce ta 2003: dole ɗan wasa ya kammala kashi 40 cikin ɗari na digirinsa kafin shekara ta uku, kashi 60 kafin ta huɗu, kashi 80 kafin ta biyar.

A takarda, gyara ne. A aikace, dokar ta hukunta buri. Ɗalibin da ya fara injiniya ya ga da wuya, ya sauya kwas, yana iya asarar darussan da ya ci, kason nasa ya faɗi, a hana shi wasa. Darussan kimiyya na buƙatar ɗakin gwaji da rana, daidai lokacin atisaye. Jami'in da aikinsa ya rataya kan kada ɗan wasa ya rasa cancanta ba zai yi caca da yaro a sashen harhaɗa magunguna ba. Zai tura shi inda darussan zaɓi suka yi yawa kuma jadawali ke lanƙwasuwa. Haka aka samu cunkoson 'yan ƙungiya guda a kwas guda, wani wuri nazarin zamantakewa, wani wuri sadarwa, wani wuri abin da ake kira karatun gama-gari. Ba kwasa-kwasan ne marasa daraja ba. Matsalar ita ce ba yaron ne ya zaɓa ba. Kain Colter na Jami'ar Northwestern ya faɗa a gaban hukumar ƙwadago a 2014 cewa burinsa na zama likita ya ci karo da jadawalin ƙwallo, dole ya sauya hanya. Kuma waɗanda ke kaiwa gasar ƙwararru ta NFL ba su kai biyu cikin ɗari ba, sauran da takardar za su nemi abinci.

A Chapel Hill, hukumar tantance jami'o'i ta sa jami'ar ƙarƙashin sa ido na shekara guda a 2015. Kowa ya zuba ido ya ga hukuncin NCAA. A Oktoban 2017 ta ce ba za ta hukunta jami'ar kan darussan ba, domin ingancin darasi hurumin jami'a ne, kuma tunda ɗalibai marasa wasa ma sun amfana, ba za a kira shi gata na musamman ga 'yan wasa ba. Wato faɗin maguɗin ne ya ceci jami'ar.

Michael McAdoo, wanda maƙalarsa ta Swahili ta tona asirin, ya riga ya rasa gurbinsa a ƙungiyar. A 2014 ya maka jami'ar a kotu, yana cewa an yi masa alƙawarin ilimi ba a cika ba. A cewarsa, nazarin shari'ar laifuka ya so karantawa, aka ajiye masa kwasa-kwasai uku da suka dace da lokacin atisaye, aka ce ya ɗauki ɗaya. Kotu ta yi watsi da ƙarar.