Sade Sati: Shekara Bakwai da Rabi ta Tauraron Zuhal

Masu kallon finafinan Indiya sun saba ganin malamin addinin Hindu yana duba takardar haihuwar saurayi da budurwa kafin a sa ranar aure. Ilimin da yake aiki da shi ana kiransa Jyotisha, wato duban taurari na Indiya. Yanzu ya iso wayoyin matasanmu, shi ya sa ya kamata masu bi su san abin da yake koyarwa.

Masu wannan ilimi sun raba hanyar da rana da wata suke bi a sararin sama gida 12, burujai ke nan. Sun ce burujin da wata yake ciki a lokacin da aka haifi mutum shi ne gidansa. Tauraron da suka fi tsoro shi ne Zuhal, wanda suke kira Shani, suna kuma bauta masa a matsayin allahn da yake saka wa kowa aikinsa. Zuhal yakan ɗauki kusan shekara 29 da rabi kafin ya zagaya rana, saboda haka yana yin kamar shekara biyu da rabi a kowane buruji. Idan ya shiga gidan da ke gab da na mutum, ya ratsa nasa, ya wuce na gaba da shi, an yi shekara bakwai da rabi. Wannan ne Sade Sati, ma'anar sunan ma ke nan. Ana cewa lokaci ne na asara, ciwo, jinkirin aure da rikicin gida. Maganin da suke bayarwa shi ne azumin Asabar, sadakar baƙin riɗi da baƙin ƙyalle, da zuba mai a kan dutsen Shani, kamar yadda ake yi a Shani Shingnapur a jihar Maharashtra.

A lissafinsu, Zuhal ya shiga burujin Kifi ranar 29 ga Maris 2025. Masu burujin Rago suka fara nasu, masu Kifi suna tsakiya, masu Tulu suna kashin ƙarshe. Masu duban taurari na Turai kuwa sun ce ya shiga Kifin tun Maris 2023, domin ma'aunin burujansu ya bambanta da na Indiya da kusan digiri 24. Tauraro ɗaya, gida biyu.

A duba lissafin da kyau. Gida uku cikin 12 kashi ɗaya ne cikin huɗu, wato a kowace rana kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya yana cikin Sade Sati. Sa'an nan wane manomi ne a Funtua ko Malumfashi zai yi damina bakwai a jere ba tare da ruwa ya ɗauke masa ana tsakiyar bunin masara ba, ko taki ya yi tsada, ko farashin auduga ya faɗi, ko an yi rasuwa a dangi? Annabcin da ba shi da hanyar kuskurewa bai gaya maka kome ba.

Kada a haɗa wannan da abin da dattawanmu suke yi. Idan Kaza da 'Ya'yanta suka daina bayyana a yamma da almuru wajen watan Mayu, tsofaffi sun san shuka ta kusa. Wannan karanta lokaci ne, kuma Farawa 1:14 ta nuna dalilin halittar fitilun sama ke nan. A Ayuba 38:31 Allah da kansa ya ambaci waɗannan taurari don ya nuna wa Ayuba wanda yake riƙe da su. Abin da Littafi Mai Tsarki ya hana shi ne neman ƙaddara a wurinsu. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta haramta duba, Irmiya 10:2 ya gargaɗi Isra'ila kada alamun sama su firgita ta, Ishaya 47:13-14 kuma ya nuna masu duban taurarin Babila ba za su iya ceton ko kansu ba.

A ganina haɗarin ba a Zuhal yake ba, a tsoron yake. Budurwar da aurenta ya yi jinkiri, idan ta gaskata saura mata shekara biyar na baƙin jini, ba Indiya za ta je neman magani ba. Wurin boka ko mai bugun ƙasa na ƙauyen kusa za ta nufa, da kuɗin waken suyar da ta noma. Idan wani a ikilisiya ya zo da irin wannan magana, kada dattawa su yi masa dariya. A tambaye shi abin da yake damunsa a gida, a yi addu'a tare, in ciwo ne a kai shi asibiti.