Ingilishi a Ƙonni: Harshen Maƙwabci ne Kafin ya Zama Darasin Jarrabawa

Masu shirya kacici-kacici kan harshen Ingilishi suna son tambayoyi irin su: wa ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ko wa ya wallafa shahararren ƙamus na 1755? Ɗalibin kwaleji a Birnin Ƙonni ko Malbaza zai iya haddace amsoshin, William na Normandi da Samuel Johnson, ya ci maki. Akwai wata tambaya da ta fi waɗannan kusa da shi: me ya sa ake koya masa Ingilishi a matsayin baƙon harshe, alhali a Illela ta Najeriya, tafiyar ƴan mintoci a kan kabu-kabu, shi ne harshen hukuma?

Amsar tana cikin yarjejeniyoyin Turawa. A ranar 14 ga Yuni 1898, Faransa da Ingila suka zana iyaka a birnin Faris, suka ɗauki Sakkwato cibiya, suka kewaya da'ira mai nisan mil 100. Ƙonni ta faɗa cikin da'irar, wato rabon Ingila. Hakan bai hana rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine afka wa birnin a watan Mayu 1899 ba, suka ƙone shi, suka kashe jama'a masu ɗimbin yawa. Daga baya Faransawa suka koka cewa hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi. Yarjejeniyar 1904 da ta 1906 suka gyara layin, jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi ƙasa suka kafa alamomi, Ƙonni ta koma hannun Faransa. Ƙishirwar ayarin soja ce ta yanke harshen da jikokin Ƙonnawa za su yi karatun boko da shi, ba tare da an tambayi kowa a garin ba.

Sai dai layin taswira bai tare bakin mutane ba. Ingilishi ya shigo Ƙonni ta kasuwa da tasha, a cikin rigar Hausa. Direban da ya biya duwan a wannan gefe zai tsaya gaban kwastan a wancan. Yaron da ke zuwa lakwal ya san ɗan kawunsa na Sakkwato firamare yake zuwa. Ɗan canji yana lissafa naira da sefa a numfashi guda. Albasar Galmi tana kaiwa har Akara da Kumasi, inda fatake ke cin karo da takardun da aka rubuta da Ingilishi. A Galmi ɗin ma, asibitin da mishan ta SIM ta buɗe a 1950 ya daɗe yana karɓar likitoci daga ƙasashen da ke magana da wannan harshe.

Wasu malamai suna kallon wannan cakuɗa a matsayin gurɓacewar Hausa. Tarihin Ingilishi kansa ya isa ya kwantar musu da hankali. Bayan yaƙin Hastings na 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a a Ingila na kusan shekara 300, talakawa kuma suka ci gaba da harshen iyayensu. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi, kuma dokar da Faransanci aka rubuta ta. Ingilishi ya fito daga wannan zamani ɗauke da dubban kalmomin aro na mulki, shari'a, yaƙi da girki, bai rasa ƙashin bayansa ba. Wannan ya shafi ɗalibin Nijar kai tsaye, domin Faransancin da ya sha wahalar koya tun ajin farko ya riga ya ba shi babban kaso na kalmomin Ingilishi na karatu. Hausarsa kuma ta ba shi na yau da kullum: mota, tebur, tikiti, makaniki, birki. Jari biyu ke nan a hannunsa, amma sau da yawa darasi yana farawa kamar bai zo da komai ba.

Za a iya cewa Ingilishin tasha ba shi ne na littafi ba, kuma gaskiya ne. Wanda ya iya ciniki a Illela ba lallai ya iya rubuta wasiƙar neman gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba. Amma tsani ake nema, kuma an fi saurin hawa daga abin da kunne ya saba da shi.

Batun ya ƙara nauyi tun watan Maris 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Idan ana so wannan ya wuce takarda, gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela ta Nijar su ne wurin gwaji mafi dacewa: a horar da malaman da za su bayyana nahawun Ingilishi da Hausa, a rubuta littattafan da misalansu suka fito daga takardar kwastan da rasiɗin albasa, a kuma sa yarjejeniyar 1898 da ta 1906 cikin darasin tarihi tun daga ajin farko na kwaleji.