Gyaɗa, dabino da aya: amfaninsu da illarsu ga lafiyar jiki

Garin Magama da ke Ƙaramar Hukumar Jibiya a Jihar Katsina yana kan hanyar da ta haɗa Katsina da Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Cikin kayan da ake ratsowa da su ta wannan iyaka akwai dabino daga yankin Agadez da ƙasar Aljeriya, da kuma aya wadda ake nomawa da yawa a Jihar Maraɗi. A tashoshin mota da kasuwannin yankin kuwa ba a rasa soyayyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da busassun 'ya'yan itatuwa irin su goriba, aduwa, magarya da kurna. Mutane da yawa suna ɗaukarsu abin taɓa baki kawai, alhali suna da tasiri babba a jiki.

Gyaɗa ce ta fi sauran ƙarfin gina jiki. A cikin giram 100 nata akwai kusan giram 26 na sinadarin furotin da kusan giram 49 na mai, kuma mafi yawan man irin wanda ba ya toshe jijiyoyin jini ne. Wannan ƙarfi ne ya sa aka gina abincin jinyar tamowa mai suna Plumpy'Nut a kan tunkuzar gyaɗa da madara da sukari. Da shi ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara a yankin Maraɗi lokacin ƙarancin abinci na shekarar 2005. A ƙasar Sifen ma, binciken PREDIMED da aka yi da mutum fiye da 7,000 ya nuna cewa waɗanda aka ƙara wa giram 30 na dangin gyaɗa a abincinsu na kullum sun sami raguwar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Giram 30 bai wuce cikin tafin hannu guda ba, kuma shi ne ƙimar da masana abinci suka fi ba da shawara.

Dabino yana da sinadarin fotasiyam da kuma dusa mai taimaka wa hanji, sai dai kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshensa sukari ne. Shi ya sa yake saurin maido wa mai azumi kuzari, kuma shi ya sa mai ciwon sukari zai taƙaita cinsa bisa shawarar likita. Mai ciwon ƙoda ma haka, domin ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da fotasiyam yadda ya kamata. Dabino kan liƙe a haƙori, don haka wanke baki bayan cinsa kariya ce daga ruɓewar haƙora. Aya tana sauƙaƙa bahaya, amma kununta yana saurin lalacewa a lokacin zafi idan ba a sanyaya shi ba.

Babban haɗarin yana wurin ajiya. Idan aka zuba gyaɗa a buhu ba ta gama bushewa ba, ko aka jibge buhunan a ƙasa mai laima, wata irin fumfuna takan tsiro ta haifar da guba mai suna afulatoksin. An gano wannan guba ne bayan mutuwar talo-talo kusan 100,000 a Ingila a shekarar 1960, sakamakon abincin gyaɗa da aka ba su. A shekarar 2004 ta hallaka mutum 125 a Kenya ta hanyar gurɓatacciyar masara. Cinta kaɗan-kaɗan tsawon shekaru yana jawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Suya ko dafuwa ba sa kashe ta gaba ɗaya, kuma gyaɗar da aka tsince aka sayar da araha ga masu ƙuli-ƙuli da ƙulla yaji ita ce mafi haɗari. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda manomi ke watsawa a gona kafin amfani ya yi fure domin rage gubar tun daga tushe.

Saboda haka ya kamata mai saye ya duba kafin ya biya. A zubar da duk ƙwayar da ta motse, ta canza launi, ko take ɗaci a baki. A buɗe dabino a duba cikinsa, a wanke shi kafin a ci, domin ya sha ƙurar hanya. Kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ƙwayar gyaɗa guda, don tana iya sarƙe shi, sai dai a niƙa masa a kunu ko miya. Wanda kuma jikinsa ya yi ƙaiƙayi, ko leɓensa ya kumbura, ko numfashinsa ya yi wuya bayan cin gyaɗa, a hanzarta kai shi asibiti.