Agogon kwamfuta

Agogon kwamfuta wani ɗan ƙaramin sashe ne da ke kan babban allon kwamfuta, wanda yake ƙirga lokaci da kwanan wata ko da an kashe na'urar. Kamfanin IBM ya sanya irin wannan agogo a kwamfutarsa ta PC/AT a shekarar 1984, daga nan ya zama ruwan dare a kwamfutoci.

Yadda yake aiki

Agogon yana dogara ne da wani ɗan dutse na kwaz da ke kaɗawa sau 32,768 a kowane sakan. Idan babu wuta, ƙaramin batir mai siffar kwabo ne yake riƙe shi. A yawancin kwamfutocin tebur ana amfani da samfurin CR2032, mai ƙarfin bolt 3 da faɗin milimita 20. Batirin yakan yi shekaru kafin ya mutu, amma yana saurin ƙarewa idan kwamfuta tana daɗewa ba a jone da wuta ba.

Dalilan ɓacewar lokaci

Yanayin kuskuren shi ne yake nuna tushen matsalar.

Idan kwanan wata yana komawa shekarun baya duk lokacin da aka cire kwamfuta daga wuta, galibi batirin ne ya mutu. Ana sauya shi da sabo, sannan a gyara lokaci a cikin saitin BIOS.

Idan bambancin cikakkun awanni ne, mintuna kuma daidai suke, to ana duba yankin lokacin da aka zaɓa. Najeriya da Nijar suna gaban lokacin UTC da awa ɗaya. Haka kuma yakan faru a kwamfuta mai ɗauke da Windows da Linux tare, domin Windows tana ajiye lokacin gida a agogon, Linux kuma galibi tana ajiye na UTC.

Idan agogon yana ja da baya kaɗan-kaɗan, to kaɗawar dutsen ce ta ɗan sauya saboda zafi, sanyi ko tsufa. Maganinsa shi ne kunna daidaita lokaci ta intanet, wanda ke amfani da tsarin NTP da David Mills ya ƙirƙiro.

Illolinsa

Kwanan wata mara kyau yakan sa manhajar shiga intanet ta ƙi buɗe shafuka masu tsaro, domin tana ganin takardar shaidar shafin ta ƙare ko ba ta fara aiki ba. Yana kuma rikita ranakun da ke kan fayiloli da saƙonnin imel.