Safa, Gwangwani da Tangarahu: Yadda Ostireliya Ta Ga Yaƙin Duniya na Ɗaya

A garuruwan Ostireliya, tsakanin 1915 da 1918, ba baƙon da ake tsoron gani a ƙofar gida kamar limamin coci. Gwamnati ce ta ɗora wa limamai aikin kai saƙon tangarahu ga iyalan sojan da aka kashe, don a ganinta sun fi kowa iya ta'aziyya. Abin da ya biyo baya bai yi wa kowa daɗi ba. Mace za ta hango fasto ya shigo layinsu, gabanta ya faɗi, ta laɓe bayan labule tana kallon gidan da zai tsaya. Har limaman kansu sai da suka koka, domin ziyarar zumunci ta gagare su, duk gidan da suka nufa kuka ke tarbarsu tun kafin su buɗe baki.

Filin dagar yana can wata uwa duniya. Jirgin ruwa kan yi makonni kafin ya kai Masar ko Ingila, wasiƙa kuma ta yi wata biyu a hanya ba abin mamaki ba ne. Wannan nisan shi ya tsara kusan komai game da yadda mutanen ƙasar suka rayu a lokacin yaƙin, daga abin da soja yake ci zuwa yadda uwarsa ta yi makokinsa.

Mutanen ƙasar ba su kai miliyan 5 ba a lokacin, amma maza fiye da 416,000 ne suka shiga soja, kuma duk da son ransu. Sama da 60,000 ba su dawo ba. Ayarin farko ya tashi daga tashar Albany ta Yammacin Ostireliya ranar 1 ga Nuwamba 1914, tare da sojojin New Zealand, aka sauke su a Masar, suka kafa sansani a Mena, a gindin dalar Giza. Can aka haɗa rundunonin ƙasashen biyu, aka taƙaita sunansu ya koma Anzac. Albashin ƙaramin soja sule shida ne a rana, alhali takwaransa na Ingila sule ɗaya yake karɓa, shi ya sa a kasuwannin Alƙahira aka san su da sakin hannu, aka kuma san su da rashin jin magana. Hafsoshin Ingila sun sha ƙorafi cewa waɗannan mutane ba sa son sara wa na gaba da su.

Da asubahin 25 ga Afrilu 1915 aka sauke su a gaɓar Gallipoli, cikin ƙasar Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Niyyar ita ce a buɗe mashigin Dardanelles a kai ga Istanbul. Ba su yi nisa ba. Sojojin Turkiyya, cikinsu har da wani hafsa mai suna Mustafa Kemal, sun tare su a kan duwatsu, kuma a ɗan wannan tsukun wuri suka shafe wata takwas, a wasu wuraren tsakanin raminsu da na abokan gaba bai fi 'yan taku ba.

Labarin Gallipoli da aka fi bayarwa na jarumta ne, amma wanda ya karanta littattafan ajiyar sojojin zai tarar ƙuda da ƙishirwa sun fi harsashi cin shafi. Abincin kullum naman gwangwani ne mai gishiri da wani busasshen biskit mai taurin da yakan karya haƙori, sai shayi da jam. Wasu kan daka biskit ɗin su dama kamar kunu, wasu kuma suka mayar da shi takarda suna rubuta gaisuwa a kai su aika gida. Ruwan sha a jirgin ruwa ake kawo yawancinsa, a ɗauka a garwa a hau tudu da shi, kuma da ɗan abin da mutum ya samu zai sha, ya dafa shayi, ya yi aski. Da zafi ya shigo sai ƙudaje suka mamaye ko'ina. Suna tashi daga kan gawa da masai su sauka kan abinci, da an buɗe gwangwanin jam sai ya yi baƙi ƙirin. Zawo mai jini da taifot suka kwantar da dubbai. Ga kwarkwata a ɗinkin kowace riga. Mai son wanka sai ya gangara teku, inda igwar Turkawa ke iya samunsa, kuma duk da haka sun riƙa zuwa.

Rashi ya koya musu dabara. Da gurneti ya yi ƙaranci sai suka buɗe 'yar ma'aikata a bakin ruwa, ana cusa albarushi da guntayen ƙarfe da na waya a cikin gwangwanayen jam da aka cinye. Wani soja, William Beech, ya ɗaura madubai a jikin bindiga yadda mutum zai yi harbi ba tare da ya ɗago kai daga rami ba. Wani kuma, John Simpson Kirkpatrick, ɗan asalin Ingila da ke cikin masu ɗauko waɗanda suka jikkata, ya samu jaki ya riƙa sauko da su a kai daga tudu zuwa gaɓa. Kwana ashirin da huɗu ya yi yana wannan aiki kafin a harbe shi ranar 19 ga Mayu. A ranar ce kuma Turkawa suka kai wani babban hari da ya ci musu mutum wajen 3,000. Gawarwaki suka ruɓe tsakanin ramukan har aka kasa numfashi, sai ɓangarorin biyu suka tsagaita wuta ranar 24 ga Mayu don binne matattu. Ranar ce da yawa daga cikin 'yan Ostireliya suka fara ganin Baturke ido da ido, aka yi musayar taba, daga nan kuma yadda suke maganarsa ya canja, ƙiyayya ta ragu, girmamawa ta shigo.

Janyewar da aka yi a watan Disamba ita ce abin da ya fi tafiya daidai a duk yaƙin. Las kofur William Scurry ya haɗa gwangwani biyu, na sama da ruwa yana ɗiga cikin na ƙasa, idan na ƙasan ya yi nauyi sai ya ja kunamar bindiga. Haka bindigogi suka ci gaba da tashi jefi-jefi a ramukan da ba kowa a ciki. Zuwa 20 ga Disamba an kwashe kowa. An bar kaburburan 'yan Ostireliya fiye da 8,000 a baya, kuma abin da ya fi damun masu tafiyar ke nan.

A can gida kuwa, mata sun tashi haiƙan. Tun watan Agustan 1914 Lady Helen Munro Ferguson, matar Gwamna Janar, ta kafa reshen ƙungiyar Red Cross na ƙasar, ta mayar da babban zauren gidan gwamnati na Melbourne ɗakin ajiyar kaya. A 1916 aka haɗa ƙungiyoyin taimako na jihohi suka zama asusu guda na kyautata wa sojoji. Babban aikinsu saƙa. Bayan an mayar da rundunar zuwa Faransa, sojan da ya kwana a tsaye cikin taɓo da sanyi ƙafarsa kan kumbura ta mutu, wani lokaci har a yanke, kuma maganin abin shi ne busasshiyar safa. Don haka ana saƙa a cikin jirgin ƙasa, a coci, a makaranta, yara maza ma ba a bar su ba. Safar ulu fiye da ƙafa miliyan ɗaya aka aika kafin yaƙin ya ƙare. Mai saƙa kan cusa 'yar takarda mai sunanta da fatan alheri a cikin safar, ta tafi hannun wanda ba ta taɓa gani ba, wani lokaci kuma amsa ta dawo bayan watanni.

Abincin da za a aika sai wanda zai jure wata biyu a cikin jirgi. Ana cewa daga nan aka saba da irin biskit ɗin da daga baya aka raɗa wa suna Anzac: hatsin oti, fulawa, sukari, bota, da ruwan sukari mai kauri kamar zuma, ba a sa ƙwai. Har yau ana toya shi, kuma dokar ƙasar ta hana a yi kasuwanci da kalmar Anzac ba da izini ba.

Wasu matan ba su tsaya a gida ba. Ma'aikatan jinya fiye da 2,000 sun bi sojojin ƙetare. Waɗanda aka kai tsibirin Lemnos a watan Agustan 1915 ƙarƙashin babbar nas Grace Wilson sun riga kayan aikinsu isa, suka tarar da majinyata kwance a ƙasa, suka riƙa yaga tufafinsu suna ɗaure rauni.

Akwai wata kuma da ta gane cewa abin da iyaye suka fi buƙata shi ne bayani. Saƙon gwamnati kalmomi kaɗan ne, an kashe shi, ko ya ɓata. Vera Deakin, 'yar tsohon Firayim Minista Alfred Deakin, tana da shekara 23 ta isa Alƙahira a watan Oktoban 1915 ta buɗe ofishin Red Cross na binciken waɗanda suka jikkata da waɗanda suka ɓata, daga baya ta koma da shi Landan. Ma'aikatanta suna bin asibitoci da sansanoni gado-gado suna tambaya: wa ya gan shi a ƙarshe, a ina ya faɗi, ya yi magana, an binne shi? Sau da yawa shaidu biyu kan saɓa wa juna. Duk da haka a rubuta a aika. Aikin ya yi nauyi ƙwarai bayan yaƙin Fromelles a Faransa, inda a dare ɗaya na watan Yulin 1916 aka kashe, aka raunata ko aka kama mutum 5,533, da yaƙin Pozières da ya biyo baya ya ci wajen 23,000 cikin makonni kaɗan. Fayil-fayil ɗin ofishin, kimanin 32,000, suna nan a gidan tarihin yaƙi na Canberra.

Irin wannan asarar ce ta kawo rigimar da ta fi raba kan ƙasar. Masu shiga soja suka ragu. A 1915 ɗoki ya kai mutum 26 suka taso a ƙafa daga garin Gilgandra, kafin su isa Sydney sun zama 263, amma bayan Pozières wannan zamanin ya wuce. Firayim Minista Billy Hughes ya nemi a tilasta wa maza zuwa yaƙi, ya kai maganar ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga Oktoba 1916. Mata ma sun jefa ƙuri'a, don tun 1902 suke da wannan 'yanci a zaɓen tarayya, kuma kowane ɓangare ya yi ta zuba hotuna da takardu yana neman zuciyar iyaye mata. Ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙi, haka ma da yawa daga Katolika 'yan asalin Ireland, waɗanda wani babban limami a Melbourne, Daniel Mannix, ya zame musu baki. Masu cewa a'a suka yi rinjaye da ƙuri'a wajen 72,000. Jam'iyyar Labor mai mulki ta dare gida biyu, Hughes ya fita daga cikinta. Ya sake gwadawa ranar 20 ga Disamba 1917, ya sha kaye da tazarar da ta ninka ta farko. A yawon neman goyon baya na wannan karon ne aka jefe shi da ƙwai a tashar jirgin ƙasa ta Warwick, abin da ya sa ya kafa 'yan sandan tarayya. Maƙwabta sun daina gaisawa, 'yan'uwa sun ɓata, an aika wa samari farin gashin tsuntsu alamar ragwanta. Ba ƙaramin abu ba ne a ce jama'a, ana tsakiyar yaƙi, sun ce wa gwamnatinsu a'a sau biyu.

Yaƙin ya taɓa har al'adun yau da kullum. Bayan tarzomar sojoji da suka bugu a Sydney a watan Fabrairun 1916, jihohi da dama suka sa dokar rufe mashaya ƙarfe shida na yamma, dokar da ta daɗe shekaru da dama bayan an yi sulhu. A Kudancin Ostireliya an canja sunayen wurare 69 masu asalin Jamus, Hahndorf ta koma Ambleside, an kuma tsare dubban 'yan asalin Jamus, wasunsu a ƙasar aka haife su. Sojoji kuwa sun dawo da wasansu na caca da kwabo biyu, a ɗora su kan ɗan katako a wurga sama a ga fuskar da za su nuna, wasan da yau a yawancin jihohi ranar 25 ga Afrilu ake yarda a yi shi a fili.

Akwai waɗanda labarin ya daɗe bai ambata ba. 'Yan asalin ƙasar, Aborijin, fiye da 1,000 sun shiga soja duk da dokar da tun farko ta hana wanda ba jinin Turai ba. A rami albashinsu ɗaya da kowa, abincinsu ɗaya. Da suka dawo sai suka tarar da wariyar da suka bari tana jiransu, gonakin da aka raba wa tsofaffin sojoji kusan duk sun wuce su, a wasu wuraren ma filayen da danginsu ke zaune a kai aka yanka aka ba wasu. Wannan zalunci ne, kuma ƙasar ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta fara faɗinsa a fili.

Ba a dawo da gawarwaki gida ba. A duk tsawon yaƙin gawar Janar William Bridges kaɗai aka mayar, kuma cikin dawakai wajen 136,000 da aka fitar, dokinsa Sandy ne kaɗai ya sake taka ƙasar. Uwar da ɗanta ke kwance a Faransa ko Gallipoli ta san da wuya ta taɓa ganin kabarinsa. Shi ya sa kusan kowane ƙauye ya tara kuɗi ya kafa dutse mai sunayen 'ya'yansa. A garin Ballarat, matan da ke aiki a masaƙar Lucas sun fara dasa itatuwa a gefen hanya a 1917, ana cikin yaƙin, itace ɗaya ga kowane ɗan gari ko 'yar gari da ya tafi, da ɗan allon suna a gindinsa. Ba a bi muƙami ba, an bi yadda suka shiga ne, don haka hafsa na iya zama kusa da kurtu. Suka ci gaba da dashen a ranakun hutunsu har 1919, itatuwa fiye da 3,700 a tsawon kilomita 22.