Makarantar St. Louis ta Kano da Tarihin Waje

A shekarar 1948 ne 'yan zuhudu mata na ƙungiyar St. Louis suka sauka Kano daga ƙasar Ayalan. Ƙungiyar tasu asalinta Faransa ne, an kafa ta a Juilly a 1842, sannan ta yi reshe a garin Monaghan na Ayalan a 1859. Daga wannan reshe ne aka turo waɗanda suka fara aikin koyarwa a Kano, aikin da ya haifar da sakandaren 'yan mata ta kwana da ke Bompai.

Inda makarantar ta zauna ya fi shekarar kafuwarta bayyana tarihinta. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, don haka aka hana 'yan mishan aiki cikin birni. Sai suka tare a Waje, wato yankin bayan badala da Bompai ke ciki, inda jirgin ƙasa, da ya iso a 1911, ya tara baƙi 'yan kudu, akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, har Sabon Gari ya bunƙasa. 'Ya'yan waɗannan baƙi su ne kasuwar farko ta makarantun coci. Bakano na cikin badala kuwa kallon nesa yake yi musu, yana tsoron kada a je neman boko a dawo ba salla.

Abin da ya rage wannan tsoro ba wa'azi ba ne, sakamako ne. Iyaye sun ga tarbiyya, sun ga kiyaye lokaci, sun ga yarinya ta fito da Turanci a bakinta ta wuce jami'a. Sannu a hankali Musulmi masu hali suka shiga kai 'ya'yansu. Haka abin yake a ƙetaren iyaka, a Maraɗi da Damagaram, inda mafi yawan ɗaliban makarantun mishan 'ya'yan Musulmi ne, ko da yake wannan bai hana a ƙone makarantar mishan ta Damagaram a tarzomar Janairun 2015 ba.

Saboda haka masu ɗaukar St. Louis a matsayin makamin juya addini sun karanta tarihin a baibai. Kano ba ta sauya alƙibla ba. Abin da makarantar ta taimaka aka sauya shi ne tunanin iyaye game da nisan da karatun 'ya mace zai iya kaiwa, kuma kuɗin makaranta ya sa ba kowane gida wannan alheri ya shiga ba.