Yadda Aka Ga Motsin Ƙwayoyin Zarra

A zamanin da, masu dawaki a Amurka sun daɗe suna gardama, wai ko doki in yana sukuwa akwai sa'ad da ƙafafunsa huɗu duka ke barin ƙasa. Ido ba ya iya raba gardamar, don abin ya fi shi sauri. Sai a 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera na'urori a bakin fage a Kalifoniya, dokin na wucewa suna ɗauka bi da bi. Da aka duba hotunan, ga doki a sama, ba kofato ko ɗaya a ƙasa.

To, malaman kimiyya ma sun yi fama da irin wannan wahala. Kowane abu na duniya an gina shi da ƙwayoyin zarra, waɗanda ke ɗaure da juna ƙulli ƙulli. In an haɗa magunguna biyu, malami ya san abin da ya zuba, ya san abin da ya fito, amma yadda ɗaurin ke kwancewa a tsakani ba wanda ya taɓa gani. Tun 1935 Henry Eyring da waɗansu suka yi lissafin wannan tsakani, sai dai lissafi daban, gani daban.

Wanda ya fara gani mutumin Masar ne, Ahmed Zewail. An haife shi a Damanhur a 1946, ya yi karatu a Iskandariya, sa'an nan ya haye Amurka, ya zama malami a Caltech a 1976. Makaminsa hasken leza ne, mai walƙiya ya ɗauke cikin femtosakan kaɗan. Femtosakan kuwa, a raba sakan gida miliyan dubu, a ɗauki kashi ɗaya a sake raba shi gida miliyan.

Dabararsa ita ce ya saki walƙiya biyu. Ta fari ta bugi ƙullin, watau ta saki dokin ke nan. Ta biyu ya bi da ita ta madubai, hanyarta ta ɗan fi tsawo, ta iso a makare ta ga inda aka kai. Ya gusa madubi kaɗan, ya sake, har ya tara labarin duka. A 1987 shi da almajiransa suka gwada wannan kan ƙullin aidin da kabon da naitirojin, suka ga aidin ya rabu da 'yan'uwansa cikin femtosakan wajen 200. A wannan ɗan lokaci haske kansa, duk saurinsa, bai yi tafiyar da ta wuce kaurin silin gashi ba. Aka ba shi kyautar Nobel a 1999, shi kaɗai. Ya rasu a 2016.

Amma zarra tana da nauyi in an gwada ta da ilektiron da ke kewaya cikinta, su kuwa femtosakan ya yi musu tsawo. A 2001 Pierre Agostini a Faransa da Ferenc Krausz a Ostiriya, bisa aikin da Anne L'Huillier ta fara, suka sami walƙiyar da ba ta kai femtosakan guda ba. Su uku aka haɗa aka ba Nobel a 2023.